Ranar Da Aka Sare Bagaruwa

Dariyar mace ta fara ji tun kafin ta kai ƙofar lambun.

Auta ta tsaya cak, jaka a kafaɗa, ko farar rigarta ta kemis ba ta cire ba.

Dariya ce irin ta wadda ta saki jiki, ta mai da wuri nata...

A hankali ta tura ƙofar langa-langar.

Can ƙarƙashin bagaruwa, a kan bencin da ita da hannunta ta yi wa fenti, wata doguwar mace ce zaune, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙatuwar kyamara a cinyarta. A kanta kuwa hular raga ce, irin wadda ake sawa don kada zuma ta harbi fuska.

Ba kowace hula ba.

Ta Auta ce! Wadda saurayinta Mai Zuma ya kai aka ɗinka mata, aka zagaye bakinta da koren zare.

Shi kuma gogan yana tsaye yana nuna wa baƙuwar yadda ake ɗaure igiyar, bakin nan har kunne.

"Sannunku da hutawa."

Ya juyo da sauri. "Furena! Kin dawo? Zo ki ga baƙuwarmu. Mai ɗaukar hoton tsuntsaye ce, ta ji labarin lambun nan shi ne..."

"Baƙuwarmu?" Auta ta maimaita, tana murmushin da bai wuce leɓe ba. "Ai ban san mun yi baƙuwa ba."

Matar ta ɗage ragar, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Au, wannan ce ƙanwar taka? Sannu ƴan mata. Gaskiya kina ƙoƙari wajen ba shi ruwa, lambun ya yi kyau."

Ba shi ruwa!

Auta ta tako har gaban bencin.

"Lambuna ne," ta ce a hankali. "Hular ma tawa ce. In kin gama, ki rataye min a inda kika ganta."

Ta juya ta shige gida, ko kiran da yake ta yi mata ba ta amsa ba.

*

Lambun nan ba wanda ya taya ta kafa shi.

Fili ne a bayan gidansu, marigayi babansu ya bari, shekara da shekaru ba abin da ke cikinsa sai leda da fasassun kwalabe da bagaruwa guda ɗaya. Bayan rasuwarsa, da gidan ya yi mata faɗi, sai ta riƙa fita can tana share-share don ta samu inda za ta yi kuka ba a gani ba.

Daga shara ta koma shuka.

Ba irin furannin da ake sayarwa a tukwane ta shuka ba. Tsiron ƙasar ta bi tana nemowa, waɗanda mutane ke sarewa suna cewa daji ne. Kurna da magarya, sabara da kalgo, tumfafiya a jikin katanga, gamba a can lungu. Ta binne tsohuwar tasa ta riƙa cika ta da ruwa. Busasshen ganye ma ba ta ƙonawa, tara shi take a gefe.

Damina biyu, wurin ya cika da rai.

Malam-buɗe-littafi kala-kala. Hawainiya a kan magarya. Bushiya da ƴaƴanta a cikin tarin ganye. Wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa suka mamaye bagaruwar, suka rataye sheƙoƙinsu reshe-reshe, ta sa musu suna ƴan saƙa. Har da wata ƙatuwar macen kunkuru da ta karɓo daga hannun masu kai ta kasuwa, irin da yanzu sai an sha wuya ake ganinsu. Tsohuwa take kiranta.

Shi kuwa Mai Zuma, zumarsa ce ta kawo shi.

Wata rana ya yi sallama a ƙofar gida, hula a hannu, ya ce a yi masa magana da mai lambun baya.

"Baiwar Allah, ƙara na kawo. Ƙudan zumana kullum gidanku suke wuni. Me kike ba su ne?"

Ta yi dariyar da rabonta da yi tun rasuwar babanta.

Kafin shekara ta zagayo, akwatunan zumarsa sun jeru a ƙarshen lambun, zuciyarsa kuma ta tare gaba ɗaya.

Sai dai a cikin gida ba mai murna.

"Ke dai kin tara mana macizai," in ji Umma kullum. "Kuma duk mazan duniya ki rasa wanda za ki so sai mai bin ƙwari?"

Yaya kuwa, babban wanta, idonsa na kan filin. Shaguna yake so ya jera a wurin. Abu ɗaya ya hana shi: rabon Auta ne, sai da yardarta.

*

"Furena, ki saurare ni mana..."

Yana tsaye a gaban kantar kemis ɗin washegari, ita kuma tana ta jera kwalaben magani kamar ba ta san da mutum ba.

"Malam, me za a ba ka?"

"Malam kuma? Yau ni ne Malam?"

"To ko Yaya zan ce? Tunda an ce ni ƙanwarka ce."

"Wallahi ban ce mata haka ba! Ita ta faɗi abinta."

"Ka gyara mata?"

Ya shiga sosa ƙeya.

"Ka gani!" Ta juyo ta dube shi. "Igiyar hula ka iya gyarawa, magana ce ba ka iya ba."

"Haba zumar raina. Hotuna kawai za ta ɗauka. In mutane suka ga abin da kika yi, wasu ma za su shuka. Ba shi kike ta fata ba?"

Shi take fata. Shi ya sa ta haɗiye, ta ce to.

Amma Mai Hoto ba zuwa ɗaya ta yi ba.

Yau tsuntsu, gobe hawainiya, jibi wai hasken jiya bai yi ba. Kuma ba ta zuwa sai lokacin da ta san Auta na wurin aiki, shi kuma yana duba akwatunansa.

Da hotunan suka fito a waya, Auta ta zauna bakin gado tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Ƴan saƙarta. Tsohuwarta. Magaryar da ta ɗauko da saiwarta a cikin bokiti, ƙaya na yagar mata zani.

A ƙasa an rubuta: "Aljannar da wannan bawan Allah ya gina shi kaɗai. Irin mijin da kowace mace ke mafarki."

Ga shi nan a hoto na ƙarshe, yana murmushin nan da ta ɗauka nata ne ita kaɗai.

Mata sai zuba yabo suke a ƙasa. Wata har da cewa, "Kun dace!"

Mai Hoto kuma ta amsa mata da hoton zuciya.

Ranar nan Auta ko ruwa bai wuce mata ba.

*

Abin da ya ƙarasa ta, ranar wata Asabar ya faru.

Ta fita da safe da bokitin ruwa, ta zagaya ƙarshen lambun... ta saki bokitin.

Wayam!

Ba akwati ko ɗaya. Sai duwatsun da ake ɗora su a kai, da ƴan ƙudan zuma da aka bari a baya suna ta shawagi, sun rasa gida.

Ta kira shi a waya.

"Ina akwatunan?"

"Furena... na ɗan matsar da su ne."

"Zuwa ina?"

Ya fara kame-kame.

"Na ce zuwa ina!"

"Ki yi haƙuri, akwai dalili. Ba zan iya faɗa miki yanzu ba, na yi alkawari. Ki ba ni ɗan lokaci kawai..."

Ta kashe wayar.

Ba ta daɗe tana neman amsa ba. Da yamma amsar ta shigo kemis da ƙafarta, tana ƙamshin turare, wai maganin ƙaiƙayi take so.

"Zuma ce ta ɗan taɓa ni," in ji Mai Hoto tana miƙa hannu. "Kin san yanzu a gidanmu suke. Lambun babana ya fi wannan ɗan lungun naku sau goma. Kullum yana can, har abinci tare muke ci."

Auta ta ajiye maganin a kan kanta.

"Ƙanwata, shawara zan ba ki," matar ta rage murya kamar mai tausayi. "Namiji irin wannan ba a ɗaure shi a bayan gida. Ni zan kai shi inda za a san da shi. Ke ki ci gaba da ba ciyawarki ruwa."

Ta fita tana kaɗa makullin mota.

Auta ta toshe lambarsa a take. Ya zo gida ya yi sallama, ta ce a ce ba ta nan. Ya dawo, ta ce a ce ta yi barci. Ya tsaya ta bayan katanga yana kiran "Furena" a hankali, ta rufe taga.

Lambun ma ta daina shiga. Ko ina ta duba shi take gani, ga kuma waccan a gefensa tana dariya.

Ran nan suna zaune a tsakar gida, Yaya ya dube ta.

"Auta, kin ga yadda kika koma kuwa? A kan mutumin da ya kwashe kayansa ya bi wata?"

Ta duƙar da kai.

"Ni dai da za ki ji tawa, da an share dajin nan kowa ya huta."

Ta ɗago jajayen idanunta.

"A share."

Umma ta ajiye tiren da ke hannunta. "Ke Auta! Da bakinki?"

"A sare komai, Umma. In ta dawo ɗaukar hoto, ta ɗauki ƙasa."

*

Yaya bai bari maganar ta huce ba.

Washegari da hantsi masu sara suka iso, da addunansu da zarto mai inji.

Auta na ɗaki, ta danne kunnuwa da filo.

Ta ji an fara da gamba. Ta ji sabara na faɗuwa. Ta ce wa kanta ba ruwanta.

Sai injin ya tashi.

Ya yi ta kuka, ya yi ta kuka... sannan wata ƙara mai nauyi ta girgiza tagar ɗakin.

Injin ya mutu.

Abin da ya biyo baya ne ya tashe ta tsaye. Kukan tsuntsaye, ba irin na kowace safiya ba. Ihu ne. Ɗaruruwan ƙananan muryoyi a lokaci ɗaya.

Ba ta san ta fita ba takalmi ba.

Bagaruwar na kwance a tsakiyar lambun, inda take a da sai sarari fetal. Sheƙoƙi warwatse a ƙasa. Ƙwai a fashe. Ƴaƴan tsuntsaye jajaye, ko gashi ba su yi ba, suna ta buɗe baki a cikin ƙura, iyayensu na zagaye a sama suna neman reshen da babu shi.

"Innalillahi... Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Ta durƙusa tana tattara su a bakin zaninta, ƙaya na sukar gwiwoyinta. Can ƙarƙashin wani reshe ta hango Tsohuwa, ta janye kai ciki, gefen ƙoƙon bayanta ya tsage, jini na tsattsafowa.

Ta fasa kuka mai ƙarfi.

"Ku ci gaba da aikinku," in ji Yaya. "Ita ta ce a yi."

Mai injin ya kai hannu zai ja igiya ke nan, aka banko ƙofar langa-langar.

Mai Zuma ne. Rigarsa sharkaf da gumi, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa ya yi suntum da harbi. A bakin ƙofa motar akori-kura ce tsaye, akwatunansa ɗaure a bayanta.

Ya dubi bishiyar. Ya dubi Auta a ƙasa. Sannan ya juya ga Yaya.

"Yaya... ba haka muka yi da kai ba."

"Kai, fita min daga gida!"

"Ka ce in na kwashe zumar daga kusa da Umma, za ka bar manyana su zo. Ka ce kada in faɗa wa Auta, kai za ka yi mata albishir da kanka. Ka ce ba mai taɓa mata ko ganye ɗaya. Na riƙe maka alkawari har ta daina yi min magana!"



Umma, da ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya a bayan Yaya.

"Babba, gaskiya yake faɗa?"

"Umma, ni fa gyara nake nema wa..."

"Tambayarka na yi. Ba kai ka ce min yaron nan ya samu ƴar masu kuɗi ya gudu ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Umma ta daɗe tana kallon ƴarta, gwiwa duk jini, zani cike da ƴaƴan tsuntsaye. Sannan ta dubi masu saran.

"Ku tattara kayanku. An gama."

Ta juya ga Mai Zuma. "Kai kuma, na ƙi ka ba don ka yi min komai ba. Ka turo manyanka, wurina za su zo. Amma ka fara zuwa a duba fuskar nan, ka zama abin tsoro."

*

Bai je ko'ina ba.

Ya ɗage reshen, suka zaro Tsohuwa, ya naɗe ta a rigarsa ta sama. Sannan ya durƙusa nesa kaɗan da Auta, ya shiga tsince sheƙoƙin da ba su lalace ba.



"Me ya sa sai gidan Mai Hoto?" Auta ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Na rasa inda zan kai su, ita ta yi tayi. Wauta ce, Furena. Na ɗauka taimako ne."

"Har abinci kuke ci tare."

"Ni? Ruwa ma a mota nake shan nawa!"

"To me ya dawo da kai?"

Ya ja numfashi. "Jiya ta fito min a fili. Wai in manta da ke, babanta zai buɗe min kamfani. Har da gaya min ta je ta yi miki nasiha a kemis. Ko gari bai gama wayewa ba na je na ɗaure kayana. Sauri ya hana ni sa raga, shi ne suka yi min wannan kwalliyar."

Ta saci kallonsa. Ido ɗaya, leɓe kamar an hura.

"Me ka ce mata?"

"Na ce ina da mata."

"Ba ka da ita tukuna."

"Ina da ita. Tana dai fushi ne."

Dariya ta so kuɓuce mata, sai kuka ya riga ta.

"Dubi abin da na yi... Ni na ce a sare. Su me suka yi min? Saboda kawai kada ta ƙara ɗaukar hotonsu..."

"Ni ma da hannuna a ciki. Tun ranar da ta ce miki ƙanwata ya kamata in buɗe baki." Ya miƙo mata wata sheƙa, da ɗan tsuntsu a ciki yana motsi. "Riƙe wannan. Kukan ya jira, waɗannan ba za su jira ba."

Suka wuni suna ɗaure sheƙoƙi a rassan kurna da zare. Wasu iyayen suka gane nasu suka dawo da abinci a baki. Da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka mutu, Auta ta haƙa rami a gindin kututturen ta binne su.

Da la'asar suka kai Tsohuwa wurin likitan dabbobi, ya wanke tsagar ya ɗaure, ya ce za ta rayu, sai dai tabon ba zai ɓace ba.

A hanyar dawowa Auta ta ce, "Ta fi ni kyau ko?"

"Wa?"

"Ka sani."

"Furena, da ido biyu ma ban gani ba, balle yanzu da ɗaya."

Ta juya fuska wajen taga don kada ya ga murmushinta.

*

Bayan ɗaurin aure ba su yi nisa ba, gidan da ke jikin lambun suka kama, aka fasa ƙofa a katanga. Yaya ya daɗe yana kunyar haɗa ido da ita. Ranar da ya zo ba ta haƙuri, da dashen kalgo ya zo a leda, ya dasa da kansa, a karkace. Ta bar shi a haka.

Ruwan farko na sauka gamba ta dawo, sabara ta yi toho. Zuma ta koma aikinta.

Ƴan saƙa ne ba su dawo ba.

Can gidan maƙwabta suka koma, kan wata doguwar bishiya da ake hangowa ta saman katanga.

Wata safiya Mai Zuma ya fito ya same ta tsaye a kan dutse, ta dafa katanga, ta turo baki.

"Amarya, lafiya?"

"Dube su don Allah. Ko kunya babu. Ni na raine su, ruwana suke sha har yau, amma sai su tafi su yi wa wasu waƙa."

Ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Yanzu har da tsuntsaye ake kishi?"

"Nawa ne ai!"

"To sauko kada ki faɗi. Zo ki ga wani abu."

Ya kai ta gindin kututturen bagaruwar. Daga gefensa wasu ƴan rassa sun ɓullo, kore shar, da ƙananan ƙayoyinsu masu laushi.

Ta durƙusa ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa.

"Sai yaushe za ta isa ɗaukar sheƙa?"

"Da saura, Furena. Shekaru."

Ta ɗaga kai ta harari bishiyar maƙwabta.

"Su sha zamansu. Aro ne." Ta miƙa masa hannu ba ta waiwayo ba. "Ba ni bokitin nan."